ZARE: Na daina cewa "wannan ai ko yaro zai iya"

1/ Shekara huɗu ke nan ina zana fuskokin mutane da fensir da gawayi. Da shi nake biyan kuɗin rajista da na data. A turo min hoton amarya, in kwana uku a kansa, a karɓa a ce "wallahi kamar hoto". Wannan yabon shi ne abincina.

2/ Don haka duk zanen da na gani ba fuska ba bishiya, sai layuka da launuka, wanda ake kira abstrak, cewa nake damfara ce. Wanda ya kasa zana hanci ne ya fake da falsafa. Na faɗa a aji, na faɗa a nan, wasunku har sun tafa min.

3/ A zangon da ya wuce malaminmu ya ɗauki zanen da na fi taƙama da shi, ya manna shi a bango a kife. Ya ce in koma bakin ƙofa in kanne ido. "Me ka gani?" Na ce, "Malam, fuska ce a kife." Ya ce in manta da fuskar, in gaya masa inda duhu ya taru da inda ido zai bi.

4/ Kai jama'a. Duhun duk ya cunkushe a gefe ɗaya, sauran takardar fayau, ido ba shi da hanyar bi. Na ƙirga gashin gira ɗaya bayan ɗaya, amma ban taɓa tambayar kaina yadda shafin ya zauna ba. Ranar ko abincin rana ban ci ba don haushi.

5/ Shi ya tura ni wajen bishiyoyin Piet Mondrian, ɗan ƙasar Holan. Ku nemo su a intanet, ku jera su. Jar bishiyar da ya gama a 1910 bishiya ce sosai, da kututture da rassa. A ta 1911, mai ruwan toka, rassan sun koma layuka masu lanƙwasa, kuma sararin da ke tsakaninsu ya yi nauyi daidai da su.

6/ Ta 1912, bishiyar tuffa mai fure, in ba a gaya maka ba ba za ka ce bishiya ce ba. Zuwa 1930 abin da ya rage sai baƙaƙen layuka miƙaƙƙu da ja da shuɗi da rawaya a kan fari. Shekara ashirin mutumin ya yi yana cire abu kaɗan-kaɗan don ya ga me zai tsaya. Wanda bai iya zane ba me zai cire?

7/ Kandinsky ɗan Rasha kuwa da kiɗa yake kwatanta launi. Kuma gaskiya, ban taɓa jin wanda ya saurari goge ya ce "to wannan sautin kama da wane dabba yake" ba. Kunne muna barinsa ya ji daɗi haka kawai, ido ne muke tsarewa da tambaya.

8/ Abin da ya fi ba ni kunya a gida yake. Aska takwas a babbar rigar kakana. Dagi. Zayyanar bangon gidajen birnin Zazzau da Damagaram. Zanen ƙwarya. Ba wanda ya taɓa zuwa da aska ya gwada ko ɗinkin ya yi kama da ita, amma kowa ya san rigar da ta yi kyau da wadda maɗinki ya yi ha'inci. Ashe idon muna da shi, sai an sa abin a firam muke ruɗewa.

9/ Ban ce duk abstrak mai kyau ba ne fa. Akwai masu watsa fenti cikin minti goma su rubuta dogon Turanci a ƙasa. Kuma tsadar zane a gwanjo ba hujja ba ce, wannan harkar masu kuɗi ce. Sai dai kada ku yanke hukunci da waya: zanen Rothko da yawa sun fi mutum tsawo, waya kan mayar da su kamar kan sarki.

10/ Na gwada da kaina. Launi uku kawai, ba siffar komai. Sau bakwai cikin mako guda, duk suka fito kamar taɓo. A zanen fuska hoton ne ke gaya min na yi kuskure. A nan ba mai gaya min, kowane layi ni zan yanke shawararsa.

11/ Har yanzu ina karɓar aikin fuska, DM a buɗe yake. Amma yanzu sai na fara da ɗan zane kamar akwatin ashana, duhu da tsaka-tsaki da haske, kafin in taɓa ido ko hanci.

12/ Aikin ƙarshe na bar mayafin amarya da shafa uku na gawayi, don ido ya tsaya a fuskar. Yayarta ta kira ta ce, "Ƙanena, ba ka ƙarasa ba." Na yi bayani, ta ce ita dai tana son ganin duwatsun mayafin. Na rage mata dubu biyu, mayafin kuma na bar shi yadda yake.