ZANCEN ZANGO: Akawun Da Ke Cikin Aljihunka

A wannan wata zancen waya za mu yi, kuma abin da ya jawo shi wani abin kunya ne da ya faru a gidanmu na Maamobi.

Goggona ita ce uwar adashin wasu mata 'yan kasuwar Nima. Ran nan da la'asar tana zaune a tsakar gida da wata maƙwabciya, waya a hannu, ta buɗe zaurensu na WhatsApp da nufin tuna wa mata ranar zubi. Sai hira ta ɗauke ta, suka gangara kan wata da ta yi zubi biyu ba ta kawo ba. Ashe babban yatsanta ya taɓa 'yar alamar makirufo da ke saman allon haruffa, duk abin da suke faɗa waya tana rubutawa. Da ta zo ajiye wayar, yatsa ya sake faɗawa kan kibiyar aikawa, saƙo ya tafi.

Da yake wayar a kan Turanci aka saita ta, Hausar duk shirme ta fito. To, amma kun san halinmu a Accra, kuɗi da Turanci muke ƙirga su. Sai ga sunan baiwar Allah ya fito daidai, adadin sidin da ake bin ta ya fito daidai, a gaban mata duka. Kafin a goge, rabinsu sun karanta. Sai da aka yi kwana uku ana kai gwauro ana kai mari kafin ta haƙura.

Da na shigo da dare Goggo ta miƙo mini wayar, ta ce, "Ɗan nan, cire mini wannan aljanin, ni ban sa shi rubutu ba." Na ce, "Goggo, ba aljani ba ne, akawu ne aka ɗaukar miki ba da saninki ba."

Dattawanmu za su tuna zamanin masu rubuta wasiƙa da ke zama a bakin gidan waya da tebur da tafireta. Mai son aika saƙo Kumasi ko Kano ko Yamai zai je ya zauna, ya faɗa, akawu ya rubuta. Amma kai ne ka zaɓe shi, ka san fuskarsa, ka san lokacin da ya ɗauki alƙalami da lokacin da ya ajiye, kafin a liƙe ambulan kuma sai ya karanta maka abin da ya rubuta. Wannan na cikin waya shi ma shifta yake ɗauka, kamar yadda malami ke faɗa ɗalibi na rubutawa, sai dai taɓawa ɗaya ke tashinsa, kuma yawancinmu da shi muka sayo wayar daga Circle a kunne, ba wanda ya gaya mana yana ciki.

Ina muryar take zuwa? Ya danganta da wayar da kuma harshen. Wasu sababbin wayoyi a cikinsu ake juya magana ta koma rubutu. Wasu kuwa sai sun tura muryar ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, can a juya ta, a dawo da haruffa. Wato ban da datarka da ake ci, maganar da ka yi a ɗakinka ta bar Gana.

Ba zato ne kawai ba. A watan Yuli na 2019 gidan rediyo da talabijin na VRT a Beljiyam ya saurari muryoyi fiye da 1,000 da mataimakin murya na Google ya ɗauka, ya tarar 153 daga ciki an ɗauke su ne alhali masu maganar ba su kira na'urar ba. A wannan watan dai jaridar Guardian ta Ingila ta bayyana cewa 'yan kwangilar Apple suna sauraron wani ɓangare na abin da Siri ta ɗauka, har da maganar likita da majinyaci da sirrin ma'aurata. Kamfanonin sun ce don gyara kuren na'ura ake yin haka. Apple ya nemi afuwa a watan Agusta na shekarar, ya mai da sauraron sai da yardar mai waya, sa'an nan a Janairun 2025 ya yarda ya biya dala miliyan 95 don kashe wata ƙara a Amurka kan batun Siri, ko da yake bai amsa laifi ba. Waɗannan duk a kan mataimakan murya ne, masu jiran a kira sunansu. Amma darasin ya shafi duk abin da ke da kunne a waya, domin na'ura takan farka ba a tashe ta ba.

To, ga yadda ake sallamar akawun. Sunayen wuraren da Turanci suke a wayoyinmu, don haka zan kawo su yadda za ka gan su.

Mai iPhone ya shiga Settings, ya taɓa General, sa'an nan Keyboard, ya gangara ƙasa ya kashe Enable Dictation. Alamar makirufo za ta ɓace daga allon haruffa.

Mai Tecno ko Infinix ko itel ko wata Android, in allon haruffansa Gboard ne, ya buɗe inda ake rubutu, ya taɓa alamar saiti mai kama da ƙafar keke mai haƙora, ya shiga Voice typing, ya kashe Use voice typing. Mai Samsung ya shiga Settings, General management, Keyboard list and default, ya kashe Google Voice Typing. In allon naka wani iri ne daban, shiga Settings, Apps, ka nemo sunansa, ka buɗe Permissions, ka hana shi Microphone.

A kwamfutar Mac, System Settings ne, sai Keyboard, sai ka kashe Dictation. A Windows kuwa, maɓallin tambarin Windows da harafin H in an danna su tare su ke tashinsa. Tsofaffin kwamfutoci masu Windows 10, waɗanda suka cika shagunanmu ko da yake Microsoft ya daina yi musu gyara na kowa da kowa a Oktoban 2025, ana shiga Settings, Privacy, Speech, a kashe Online speech recognition. A Windows 11 kashe wannan kaɗai ba ya hana shi aiki. Mai son rufe ƙofar ƙirif sai ya shiga Privacy & security, Microphone, ya kashe, amma ya tuna ya kunna ranar da zai yi kiran bidiyo da 'yan uwa na Bronx ko Hamburg.

Akwai kuma wata 'yar alama da ya kamata kowa ya sani. Tun 2020 iPhone yana nuna ɗigo ruwan lemo a saman fuska duk lokacin da makirufo ke aiki, Android kuma daga fitowa ta 12, ta 2021, yana nuna kore. Ka ga wannan ɗigo alhali ba kira kake yi ba, to, kama bakinka ka duba.

Tambayar farko da Goggo ta yi mini ita ce ko saƙon murya ma zai mutu. A'a. Makirufo biyu ne. Wanda ke cikin da'ira a gefen akwatin rubutu na WhatsApp ne, shi ke ɗaukar muryarka ya aika ta yadda take. Wanda ke jikin allon haruffa shi ne mai shifta. Kashe na biyun ba ya taɓa na farkon, don haka iyayenmu da ke gaisawa da dangi ta saƙon murya kada su ji tsoro.

Kada kuma a ce na ce abin ba shi da amfani. A Oktoban 2024 Google ya ƙara harsunan Afirka 15 a kan masu rubutu da murya, cikinsu har da Hausa da Twi, kuma da hannun cibiyar bincikensa ta nan Accra, wadda aka buɗe a 2019. Makaho, da tsohon da idonsa ya yi rauni, da wanda ya yi allo bai yi boko ba, yanzu suna iya faɗa da Hausa ta fito a rubuce. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Sai dai Hausarmu ta Zango, mai haɗe da Twi da Ga da Turanci, takan ruɗa shi, saboda haka a sa wani ya karanta kafin a aika. Abu na biyu kuma, a da rashin jin Hausarsa shi ne ɗan labulen da muke da shi. Yanzu duk wanda ya saita wayarsa a kan Hausa, da abin da ya sami Goggo zai same shi, jimlar gaba ɗaya za ta fito.

Gana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, doka mai lamba 843, da hukumar da ke kula da ita. Amma ba hukumar da za ta zo ta dawo da saƙon da ya riga ya shiga zauren adashi. Magana zarar bunu ce. Saboda haka shawarata uku ce. Wanda ba ya amfani da shi, ya kashe. Mai amfani da shi, ya riƙa duba akwatin rubutu kafin ya ajiye waya. Kowa da kowa kuma, kada a faɗi lambar sirri ta MoMo da ƙarfi waya na buɗe a hannu, ko a gida ko a cikin torotoro.

Ku kuma samari da 'yan mata da ake miƙa wa waya a ce ku gyara, kada ku kashe wa tsoho abu a ɓoye, kada kuma ku bar masa abin da bai san aikinsa ba. Ku zauna kusa da shi, ku nuna masa alamar, ku gaya masa abin da take yi, shi ya zaɓa. Wayarsa ce, maganarsa ce. Goggo dai ta zaɓi a kashe nata, kuma ta sa na bi wayoyin 'yan adashin ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga ciki sun ce a bar musu, domin da shi suke rubuta wa masu kawo musu kaya daga Techiman.

Mu kwana nan. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.