Gaiwa na zana, ba diragon ba: zare

1/ Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa. Sati uku na kwashe ina zana halitta guda ɗaya don katin wasa, irin na Pokémon da Yu-Gi-Oh. Da na tura a guruf ɗinmu na masu zane, wani ya ce: "Wannan ai ƙauyanci ne, ka yi diragon kawai." Gaiwa na zana. Kuma har yanzu ina kan bakana.

2/ Ga wanda bai taɓa riƙe irin katin ba: bai fi tafin hannu ba, na Pokémon faɗinsa milimita 63, tsawonsa 88. Hoto a sama, ƙarfin halittar da rauninta a rubuce a ƙasa. Ana tarawa, ana musaya, ana karawa da juna. Na Pokémon sun fito a Japan a 1996, na Yu-Gi-Oh a 1999.

3/ Ku leƙa shafukan matasanmu masu zane a waya. Hannu akwai, wallahi akwai. Amma diragon, diragon, kerkeci mai jan ido, sai wani saurayi mai farin gashi da takobi a kan dusar ƙanƙara. Ɗan Malam Madori ne fa ya zana. Ƙanƙarar da ya sani ita ce ta cikin kular mai zoɓo.

4/ Ni ma na yi, kar a ce ina wanke kaina. Diragon ne ke sai min data a makaranta, don shi masu ba da aiki ke nema. Sai dai duk wanda na zana, akwai dubu a intanet da suka fi shi kyau, na mutanen da suka tashi da tatsuniyarsa tun suna goye.

5/ Abin da ke ba ni haushi shi ne su waɗanda muke kwaikwayon, ba aro suka yi ba. Satoshi Tajiri da ya ƙirƙiro Pokémon, yaro ne mai yawon kama ƙwari a bayan garinsu. Whiscash kuwa tarwaɗa ce, daga tatsuniyarsu ta ƙaton kifin da ke jawo girgizar ƙasa. Tarwaɗa fa!

6/ To mu koma gaiwa, don na san 'yan birni da yawa ba su taɓa ganinta ba. Kifi ce doguwa kamar maciji, idanu ƙanana, fikafikanta huɗu sirara kamar zare. Tana da huhu. Dole ta riƙa leƙowa sama ta shaƙi iska. In ka danne ta a ƙarƙashin ruwa, nutsewa za ta yi ta mutu. Kifi, ya mutu a ruwa.

7/ In rani ya shigo, fadama ta fara ƙafewa, sai ta nutsa cikin taɓo ta naɗe, jela ta rufe kai. Yauƙin jikinta ya bushe ya zame mata kwanso, ta bar 'yar kafa ta numfashi. Wata da watanni tana nan, ba ci ba sha, naman jikinta take narkarwa tana rayuwa. Shi ne ake cewa gaiwa jikinta take ci.

8/ Ruwa na dawowa, taɓo ya jiƙe, sai ta warware ta fito da yunwar wata shida. Bakinta kuma ba na wasa ba ne, dodon koɗi take fasawa da shi.

Yanzu ku faɗa min tsakani da Allah: wane marubucin wasa ne zai zauna ya ƙago abin da ya fi wannan?

9/ Dokar katin ma ba ni na ƙirƙira ba, ita ta ba ni. Suna: Uwar Taɓo. Tana da hali biyu. A Rani ba ta kai hari, ba a kuma iya taɓa ta, amma kowane zagaye ranta na raguwa, tunda jikinta take ci. In katin Ruwa ya sauka a fili, sai ta farka, cizonta ya ninka gwargwadon zagayen da ta yi a kwance.

10/ Kenan mai riƙe da ita caca yake da lokaci: ya jira ta tara yunwa, ko ta cinye kanta kafin ruwa ya zo. Duk manomin shinkafa a Auyo ya san wannan zaman zullumin ba sai an yi masa bayani ba.

11/ Rauninta fa? A nan ne na daɗe ina tunani. Da diragon ne da sai in rubuta "ƙanƙara" in wuce. Amma me ke kashe gaiwa da gaske? Ruwan da bai zo ba. Sai na yi kati biyu da abokin karawa zai yaƙe ta da su: Madatsa da Kachala.

12/ Ba daga kaina na ciro su ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan kogin Hadejia ya daina zuwa yadda kakanninmu suka san shi. Malalar damina ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana har da rani. Kachala ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa: wani wuri ya ƙafe, wani ya nutse.

13/ A cikin kachalar nan kuma tsuntsun jan baki ke samun mafaka, ya fito ya share gonar shinkafa. Tambayi mutanen Guri da Kirikasamma. To shi ma ya samu nasa katin, garke guda, ba ya kai wa halitta hari sai dai ya cinye maka guzuri.

14/ Yanzu zanen kansa. Da ibisPaint na yi a waya, da ɗan yatsa, tsakanin lakca da lakca. Na raba hoton biyu kamar an yanka ƙasa da wuƙa. Sama: taɓo ya tsattsage, kwalekwale a kife, kachala a gefe. Ƙasa: ita a naɗe cikin duhu, ido ɗaya a buɗe. Haske guda ne kawai, siriri, ta kafar numfashin nan.

15/ Na kai wa kawuna, masunci ne, ina jiran yabo. Ya kalla ya kalla ya ce: "Kai, wannan tarwaɗa ce aka aske wa gashin baki." Ashe na yi mata fikafikai masu faɗi irin na sauran kifi. Ya tsinko zare daga bakin rigarsa ya ɗora a kan wayar: "Haka nata suke."

16/ Da ya ga hoton farkawarta kuma, ya ce: "Ruwan nan na wace ƙasa ne?" Shuɗi na yi shi, tas, irin na katun. Ni da aka haifa a bakin kogin nan, na san ruwan damina ja-ja ne kamar kunun kanwa, amma hannuna ya fi yarda da abin da ya gani a allo. Wannan ta fi maganar ɗan guruf yi min ciwo.

17/ Dabara ɗaya ga masu zane: ku cike halittar da baƙi gaba ɗaya, ku rage ta ta koma girman babban yatsa. In ba a gane ta ba, ba ta yi ba, komai kyan kala. Tawa sai da na tsawaita zaren fikafikan suka zagaye ta kamar saiwa sannan ta tsaya da ƙafarta.

18/ Na gwada manhajar AI ma, don kar a ce ban gwada ba. Maciji mai sheƙi ta ba ni, a cikin shuɗin ruwa. Abin da aka fi zubawa a intanet shi take maido maka. Taɓon fadamarmu ba ya ciki, don ba mu zana shi ba.

19/ Katin da ya hana ni barci shi ne Ambaliya. A wasa, shi ne mafi ƙarfin katin Ruwa. Amma a 2022 ina cikin samarin da suka yi ta cika buhu da ƙasa ana tare ruwa kar ya shigo gari, na kuma ga gonakin da suka tafi. Ba zan mayar da wannan abin murna ba. Sai na sa duk wanda ya jefa shi, shi ma ya rasa rabin abin da ya tara.

20/ Masu cewa "wa zai gane gaiwa a waje?": kun san dila mai jela tara ta cikin Naruto, har sunanta kun haddace, kuma ba wanda ya taɓa taka Japan a cikinku. Tsuntsaye ma na tasowa daga Turai duk shekara su sauka a Baturiya. Su ba su raina wurin ba.

21/ Inda nake ba ɗan guruf gaskiya: kasuwa. Buga kati mai kauri da sheƙi kuɗi ne, kuma yaranmu Whot suka sani. Ban ce gobe za a yi layi ana saye ba. Goma zan buga a takarda mai kauri, in ba ƙannena su kara, in ga ko dokar Rani na aiki ko gundura take sawa.

22/ Kati na gaba minjirya ce, kifin da ke jan mutum kamar wayar NEPA. Kawu ya ce ba zai riƙe min ita in ɗauki hoto ba ko nawa zan biya. Don Allah duk wanda ke kusa da masu su a Guri ko Nguru, in an kamo, ya ɗaukar min ta gefe da ta ciki, da rana, ba filashi. DM a buɗe yake.