Gatari da doka

Ƴan'uwa manoma, ana ta gardama bisa dokar daji. Wasu sun ce a hana saran icce gaba ɗaya. Masu saida icce sun ce, to da mi za su ciyar da iyali? Da mi matan birni za su dafa tuwo?

A ganina, hani kaɗai ba ya tsare daji. Dokar 1974 ta hana saran gawo ba da izini ba, ko cikin gonarka. Don tsoron tara, manomi ya riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami. Iska ta samu hanya, rairai ya binne shuka.

Dokar 1992 ta kawo kasuwannin icce na ƙauye, kamar na dajin Baban Rafi. Kowace kasuwa da yankinta, da yawan iccen da za ta sara a shekara, kuma wani kashi na haraji yana zama ƙauye. A 2020 gwamnati ta amince, wanda ya raini icce ta sassaben zamani shi ke da amfaninsa.

Wannan hanya ta fi. Amma in kuka bari mai kamyo ya ɗauki ɗanye da dare, ku za ku yi hasara. Ku ƙidaya kaya, ku nemi takardar haraji. Kututture kuma ku bar shi ya toho.