Da Wa Tsohuwarka Take Kwana?

A shirin kiran waya da nake gabatarwa da dare, na taɓa jefa wa masu saurare tambaya guda. Na ce: tsohon da ƙarfinsa bai ƙare ba, amma 'ya'ya duk sun watse neman abinci, me ya fi masa, ya zauna shi kaɗai a gidansa ko ya koma wata unguwa da aka gina domin tsofaffi irinsa? Ban rufe baki ba layi ya ɗauki zafi. Wani ya ce tambayar kanta rashin tarbiyya ce. Wani ya ce aikin Nasara ne, mu ba mu zubar da iyayenmu. Wata baiwar Allah ta yi mini addu'ar shiriya. Sai na tambayi wanda ya fi kowa kumfar baki daga ina yake kira, ya ce daga Abijan. Na ce ina mahaifiyarka? Ya ce tana gida lafiya lau, duk wata yana aika mata kuɗi. Na ce da wa take kwana? Ya yi shiru. Can sai layin ya katse.

Ban ga laifinsa ba, don ni ma ba a tambaye ni ba ne. Amma tun daga daren nan na daina yarda da alfaharin da muke yi cewa Turawa ne ke yasar da tsofaffi, mu kuwa muna riƙe da namu. Da yawanmu ba mu riƙe da kowa. Lambar wayarsu kawai muke riƙe da ita.

Mu fara gyara wani kuskure. Idan aka ce "gidan tsofaffi", abin da ke zuwa mana a rai shi ne ɗakin jinya, tsoho kwance, baƙuwa na ba shi abinci a baki. Wannan akwai shi, kuma na waɗanda jiki ya gaza ne. Wanda nake magana a kai daban yake. Unguwa ce ko babban gida inda kowane tsoho ke da ɗakinsa da makullinsa da tukunyarsa. Ya fita lokacin da ya ga dama, ya karɓi baƙinsa, jikoki su zo su yi masa ɓarna su tafi. Abin da ya ƙaru kawai shi ne maƙwabtansa tsararrakinsa ne, akwai wurin zaman hira da wurin cin abinci tare ga mai so, kuma idan safiya ta yi ba a ga ƙofarsa ta buɗe ba, akwai mai ƙwanƙwasawa.

A Amurka, irin wannan unguwa da ta fi suna ita ce Sun City, kusa da birnin Phoenix a jihar Arizona, wadda aka buɗe ranar 1 ga Janairun 1960. Ƙa'idarta a yau, sai a gida akwai wanda ya kai shekara 55. A Faransa akwai gidaje masu sauƙin haya irin waɗannan, da yawansu a hannun hukumomin gari. A Montreuil, gefen birnin Paris, wata mata mai suna Thérèse Clerc ta yi shekaru tana faɗi-tashi har aka buɗe gidan da ake kira Babayagas a 2013, inda tsofaffin mata ke tafiyar da gidansu da kansu, kowace na lura da 'yar uwarta. Ba wanda ya kai su. Su suka nema.

Me ya sa suka nema? Domin sun ga abin da zaman kaɗaici ke yi. A watan Agustan 2003 zafi ya sauka a Faransa, ya kashe mutum wajen 15,000, mafi yawansu tsofaffi. Da yawa a cikin ɗakunansu aka tarar da su, wasu bayan kwanaki, wasu gawarwakin ma ba a sami mai zuwa karɓa ba. Kafin nan, a watan Yulin 1995, zafi ya kashe mutum fiye da 700 a birnin Chicago, kuma masanin zamantakewa Eric Klinenberg, da ya bi diddigin abin, ya nuna cewa tsoho mai zaman shi kaɗai, wanda ba ya fita kuma ba mai leƙa shi, yana cikin waɗanda suka fi mutuwa. A Japan har suna suka ba wannan mutuwa, kodokushi, wato mutum ya cika shi kaɗai ba wanda ya sani. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021.

Na san abin da mai karatu zai ce: ai ka ga ni, su ne dai. To, mu juyo gida. Wanda ya san ƙauyukan Tawa da Damagaram da Maradi bayan an gama girbi ya san su wa ke saura a gari. Samari sun tafi cin rani, wasu Najeriya, wasu Kwaddebuwa, wasu Libiya da Aljeriya, kuma cin ranin yanzu sai ya shekara uku bai ƙare ba. A birni kuma salon ginin ya sake. Gidan gandu mai zaure, inda tsoho ke zaune kowa ya wuce ya gaishe shi, ya koma gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Ɗa ya gina wa uwarsa irin wannan gida, ya sa mata fanka da talabijin, ya ɗauko 'yar aiki ƙarama, ya koma inda yake aiki, yana jin ya sauke nauyi. Ita kuwa ta rabu da maƙwabtan da ta yi shekara arba'in tana ɗebo wuta a gidansu.

Mu ma'aikatan rediyo mun san waɗannan tsofaffi, don su ne abokan darenmu. Akwai masu kira ba don suna da abin faɗa ba, sai don su ji an ambaci sunansu, an ce "sannu Baba, ya ƙarfin jiki?" Akwai tsohuwar da ke sa yaron maƙwabta ya kira mata, ta jero gaisuwa ga 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kowane da garin da yake, babu ko ɗaya a garin da take.

Zafin ma bai bar mu ba. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga gawa 102 a cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. Zafin Bamako da na Yamai 'yan gida ɗaya ne. Idan wuta ta ɗauke da tsakar rana, tsohuwa ta tashi ɗibar ruwa jiri ya kwashe ta a bayan ƙofar ƙarfe, kuɗin da aka aiko daga Abijan ba za su ɗaga ta ba.

Kuma kada mu manta da abin da ke samun tsohuwar da ba ta da kowa a tsaye kanta. A arewacin Ghana har yau akwai matsugunan matan da aka kora daga garuruwansu da zargin maita, irin na Gambaga. A watan Yulin 2020 aka yi wa Akua Denteh, mai shekara 90, dukan da ya kashe ta a Kafaba, mutane na kallo. A namu garuruwan ma, wa ake fara nunawa da yatsa idan yaro ya yi zazzaɓi yana sambatu? Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Na farko, tsada: gidajen Amurka na masu hali ne, mu kuwa mafi yawan tsofaffinmu manoma ne da 'yan kasuwa da ba su da fansho. Gaskiya ne. Na biyu, inda aka mai da tsufa haja, zalunci na shiga. Littafin ɗan jarida Victor Castanet da ya fito a Faransa a 2022 ya tona yadda ake tsuke abinci da kulawa a wasu gidajen jinya masu tsada don a ƙara riba. Wannan ma gaskiya ne, kuma darasi ne kada a bar wa 'yan kasuwa abin su kaɗai. Na uku, addini: aya ta 23 a Suratul Isra'i tana magana ne a kan iyayen da tsufa ya riska suna wurinka. Na yarda ɗari bisa ɗari. Babu gidan da ya kai ɗakin uwa a cikin gidan ɗanta, jikoki na shige da fice. Wanda Allah ya ba ikon haka, ya riƙe da hannu biyu.

Sai dai mai kawo wannan hujja daga nisan kilomita dubu ya tambayi kansa ko tsohuwarsa tana wurinsa. Muhawarar da na buɗe a rediyo ta shafi wadda ba ta da wannan gata ne: wadda 'ya'yanta suka yi nisa, da wadda ba ta haihu ba, da wanda ya binne matarsa da abokansa. Su zaɓinsu biyu ne, zama cikin tsara ko zama da bango. Idan muka hana su na farko don gudun abin da mutane za su ce, mutuncinmu muka kare, su kuma muka bar su da na biyu.

Ba sai mun kwaikwayi Arizona ba. Muna da waƙafi. A Makka da Madina an daɗe da sanin ribaɗi, gidajen da masu hali ke tsayarwa domin gajiyayyu da matan da ba su da mai riƙo. Attajirin da zai gina masallaci na huɗu a layi ɗaya, me zai hana ya gina ɗakuna goma kewaye da tsakar gida guda, da famfo da inuwar bedi, kusa da masallaci da kasuwa, a cikin unguwar da tsofaffin suka saba? Kowa da ɗakinsa, mai sana'ar ƙuli-ƙuli ko saƙar tabarma ta ci gaba da abinta, 'ya'yan da ke waje su haɗa kuɗin ruwa da wuta da na ma'aikacin lafiya mai leƙowa. Kafin a kai ga gini ma akwai abin da ba ya cin ko dala. Bayan bala'in 2003, Faransa ta wajabta wa kowace ma'aikatar magajin gari ta buɗe rajistar tsofaffi da naƙasassu masu zama a gida, don a neme su idan zafi ya tsananta. Mai unguwa da liman za su iya yin wannan da littafi ɗaya da biro.

Sharaɗi guda ne: a tambayi tsohon. Wanda ya ce a gidansa zai mutu, a bar shi, a tsara mai leƙa shi safe da yamma. Wanda ya ce ya gaji da shiru, kada a toshe masa baki da "me za a ce da mu".

Ni kaina tsohuwata tana garinmu, ina nan ina aiki. Bayan shirin nan na kira ta da safe, na yi mata tambayar da na yi wa mutumin Abijan. Ta yi dariya ta ce, "Da rediyonka nake kwana, ɗan nan." Ban sami abin ce mata ba.