Ku Bar Samarin Sabo Su Yi Gardamarsu A Kan Jon Snow

Yau da ɗan zafi na zo, sai a yi haƙuri da ni.

Daren jiya bayan sallar isha'i ina zaune a teburin mai shayi a nan Sabo, ga wasu samari su biyar a gefena sun kaure da gardama kamar za a ba hammata iska. Na ɗauka ƙwallo ce ko farashin dala, ashe a kan shirin nan ne na Amurka, Game of Thrones. Wannan yana rantsuwa cewa Bran, yaron nan gurgu da ya ƙare da zama sarki, ya san komai tun farko, shi ya ƙulla abin da ya faru. Wancan yana cewa ai dodon nan mai aman wuta da ya ɗauke gawar Daenerys ya kai ta inda za a tashe ta ne. Can sai wani dattijo da nake ganin girmansa ya ajiye kofinsa ya ce, "Ku yaran nan ba ku da aikin yi. Kuna ta da jijiyar wuya a kan ƙaryar da wani Bature ya zauna ya shirya." Yara suka yi tsit, ɗaya bayan ɗaya suka sulale.

Ban tanka ba, don ba a yi wa babba gyara a gaban yara. Amma a nan zan faɗa: Baba, da girmanka da komai, ban yarda ba.

Bari in fara da inda muka haɗu. Shirin yana da tsiraici da zubar da jini, ni kaina ba zan kunna shi a falo gaban iyalina ba, kuma duk yaron da kallo ya hana shi salla ko zuwa shago ya cancanci faɗa. Da a kan wannan Baba ya yi magana, da na ce madalla. Amma abin da ya ce shi ne gardama a kan ƙagaggen labari aikin banza ce. A nan muka rabu.

Mai karatu, dubi abin da masu irin wannan hasashe suka yi. George R. R. Martin ya fitar da littafin farko a 1996. A cikinsa an nuna Jon Snow a matsayin ɗan gaba da fatiha, wai Ned Stark ya haife shi a waje. Masu karatu suka ce anya kuwa? Mutumin da kowa ya shaida da riƙon amana ne zai yi haka? Me ya sa ba ya son a yi zancen uwar yaron? Wane alƙawari ne ya yi wa ƙanwarsa Lyanna tana bakin mutuwa? Suka tattara waɗannan 'yan alamu suka ce yaron ɗan Lyanna ne da yarima Rhaegar, Ned kawunsa ne. Shekara ashirin suna wannan magana, ana ce musu masu surutu, sai a 2016 tashar HBO ta nuna Lyanna ce uwar, a 2017 ta tabbatar Rhaegar ne uban. To, don Allah, wanda ya ƙi karɓar abin da aka faɗa masa, ya bi sawu, ya auna shaida da shaida har ya gano gaskiya, me ya raba aikinsa da na alƙali ko malamin tarihi? Kuma da aka ƙare shirin a 2019 cikin gaggawa, sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a intanet suna neman a sake. Mutumin da ke kallo da kwanyarsa a kashe ba ya jin haushin an raina masa hankali.

Sai magana ta biyu, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Baba bai tambayi kansa dalilin da ya sa labarin Jon Snow ya kama yaranmu haka ba. Yaro ne da ya tashi a gida, yana cin tuwon gidan, yana kare gidan, amma kullum ana tuna masa cewa shi ba cikakken ɗan gida ba ne. Wane ɗan Sabo ne bai san wannan ɗanɗano ba? Tun 1916 aka kafa unguwar nan. Kakanninmu sun zo da shanu daga arewa, sun tura goro can, sun haihu a nan, an binne su a nan. Duk da haka, lokacin da ɗan ƙanena ya je neman takardar shaidar asali don shiga makaranta, sai aka ce ya tafi garinsu ya karɓo. Ya kama hanyar arewa, garin da rabon gidanmu da zama a cikinsa tun zamanin kakansa, can kuma aka ji Hausarsa da ɗan gamin Yarbanci aka dinga kiransa ɗan kudu. Kuma ba mu manta da rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 ba, lokacin da mutanen da ba su san wani gida ba sai Badun suka ɗaure kaya suna neman motar arewa. Idan yaro irin wannan ya kwana yana tambayar wa ya haifi Jon Snow, kuma me jininsa ya tsinana masa tunda a ƙarshe can bakin katanga aka sake tura shi, ka tabbata ba zancen Bature kaɗai yake yi ba.

Na uku, mu da muke zargin yara da gardama a kan ƙarya, namu labarin fa? Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya bi ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Bawo ya fito daga ɗakin sarauniya, Karɓagari daga ɗakin ƙwarƙwara. Ga Hausa bakwai, ga banza bakwai. Shin ba a ga ramuka a nan kamar na Game of Thrones ba? Me ya sa sunan macijin Sarki, a garin da mata ke mulki? Wa ya raɗa wa wasu suna banza, kuma me ya samu da hakan? Abin da ya fi shafar mu, a jerin banza bakwai ana sa Yarbawa, tare da Nupe da Kabi da Zamfara da Gwari da Yawuri da Kwararrafa. Ke nan a labarinmu na gado, maƙwabcinka na Mokola ɗan ubanka ne! Farfesa Abdullahi Smith na jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi rubutu a 1970 yana tuhumar yadda ake ɗaukar labarin Bayajidda a matsayin asalin ƙasashen Hausa. Irin tambayoyin da yaran teburin shayi ke yi, su ya yi, amma shi ba a ce ba shi da aikin yi ba.

Ko a nan Badun akwai abin tattaunawa. Sarautar Olubadan ba gadon gida ɗaya ba ce. Tsani ake hawa ta layi biyu, na Otun da na Balogun, mutum ya yi ta jira shekara da shekaru har layi ya zo kansa. Ka jefa wa samarin nan wannan, ka ce su kwatanta da karagar da aka yi ta yanka juna a kanta a shirin, ka ga yadda hira za ta yi daɗi.

Ku ma samari, ba zan bar ku haka ba. Abin kunya ne ka iya lissafo zuriyar Targaryen daki-daki amma ba ka san gidan da kakanka ya fara sauka a Sabo ba, ko wane mai gida ya riƙe shi. Littafin da aka fi sani a kan unguwarmu, Abner Cohen ne ya rubuta shi a 1969, baƙo ne ya zo ya zauna ya yi tambaya. Tsofaffin da suka san labarin suna ta ƙarewa. Wannan kaifin ƙwaƙwalwa da kuke bin sawun Lyanna da shi, ku raba biyu, ku kai rabi zaure wurinsu kafin lokaci ya ƙure.

Amma Baba, yaron da aka kora daga teburin shayi don ya yi tambaya ba zai biyo ka zaure ya yi wata ba. Gobe in ka same su suna yi, ka ja kujera kusa, ka tambaye su wa ya kashe maciji, kuma da wace shaida.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.