Jif Ba Ta Kamawa Da Wuta Haka Siddan

Da zarar damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai hankalin jama'a ya koma kan gobarar kasuwanni da ta gidaje. Akwai kuwa wata gobarar da ba kasafai ake zama a tattauna ta ba, wato ta manyan motocin nan masu shiga daji da yashi, waɗanda muke yi wa kuɗin goro da sunan jif, ko Land Cruiser ce, ko Pajero, ko ma Hilux mai bayan a-kori-kura. Su ne motocin injiniyan da ke duba aikin hanya, da likitan da ke zagaya ƙauyuka, da babban ma'aikacin da ya kafa gona a bayan gari. Idan ɗayarsu ta ƙone, abin da aka fi ji daga bakin mai ita shi ne, "Haka kawai ta kama." Ni kuwa a nawa ganin, babu motar da ke kamawa haka kawai. Kowace gobarar mota tana da sanadi, galibin sanadan nan sanannu ne, kuma ƙin bin diddiginsu da muke yi shi ke sa abin da ya ci motar wane bara ya dawo ya ci ta wane bana.

Wuta ba ta tashi sai abubuwa uku sun haɗu: abin da za ta ci, da zafi ko tartsatsin da zai tayar da ita, da iskar da za ta hura ta. Mota kuwa tana ɗauke da ukun nan a ko da yaushe. Aikin waɗanda suka ƙera ta shi ne su raba tsakaninsu, su kai tiyon mai can, su bi da salansa nan, su lulluɓe waya da roba. Abin da ya bambanta jif da ƙaramar mota shi ne irin wuraren da ake kai ta. Girgizar hanya marar kwalta, da duwatsun da ke dukan cikinta, da ciyawar da take ratsawa, duk suna rushe wannan rabuwa sannu a hankali, har ranar da abubuwan uku za su yi kiciɓis.

Sanadi na farko, wanda ya fi dacewa da wannan lokaci na shekara, shi ne busasshiyar ciyawa. A jikin salansar motocin zamani akwai wata tukunyar tace hayaƙi da makanikanmu ke kira indomi, wadda zafinta kan haura digiri 400 a aikinta na yau da kullum, ya kuma ƙaru ƙwarai idan injin yana tsallake wuta yana tura ɗanyen fetur cikin salansa. Jif tana da farantan ƙarfe a ƙarƙashinta don kare injin da giya daga duwatsu, kuma tsakanin farantan nan da salansa ne karmami da ciyawa ke maƙalewa, su bushe ƙarau, su jira. Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2012 kamfanin Chrysler ya yi kiranyen Jeep Wrangler ƙirar 2010 kusan dubu 68 a Amurka, saboda farantin da ke kare giyarta yana tara tarkace dab da tukunyar hayaƙi. A ƙarshen 2017 kuma kamfanin Ford ya yi wa Ranger kusan dubu 59 irin wannan kiranye a Ostareliya, bayan da wasu suka kama da wuta sakamakon ciyawar da ta taru kusa da matatar hayaƙin dizal. Idan har haka ta faru da sababbin motoci a gonakin can, ina ga tsohuwar motar da aka ajiye cikin karan dawa a watan Disamba, injin bai ko huce ba?

Na biyu shi ne yoyon mai. Fetur yana fitar da tururin da ke iya kamawa ko a cikin tsananin sanyi, tururin kuma ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasa ya bi ta lungu har ya tarar da tartsatsi. Masu motar dizal kan ɗauka sun tsira, domin dizal ba ya fitar da irin wannan tururi sai ya ɗau zafin da ya haura digiri 50. To amma dizal, ko baƙin mai, ko man giya, ko man sitiyari, duk wanda ya tsiyaye a kan salansa mai zafi zai iya kamawa. Tiyon roba ya tsufa ya tsage, bakanike ya naɗe shi da tsumma ko robar tayar keke ya ce a je a dawo, sai a yi shekara ba a dawo ba. Ga kuma al'adarmu ta ɗaukar jarkokin fetur a cikin mota idan za a yi doguwar tafiya, jarkokin da asalinsu na man gyaɗa ne, bakinsu toshe da leda, gilasai a rufe saboda ƙura. Wanda ya yi haka ya riga ya haɗa biyu daga cikin ukun, saura tartsatsi kawai.

Na uku, wanda nake ganin ya fi kowanne yawa a wajenmu, shi ne wayar lantarki. Mai jif mutum ne mai son ƙari: manyan fitilu a saman rufi, firji a baya, jiniya, rediyo mai amon ganga, injin janyo mota daga taɓo. Duk waɗannan wuta suke ja, kuma sau da yawa akan jona su kai tsaye daga batir da siririyar waya, ba tare da fis ba. Fis kuwa ɗan mai gadi ne da aka ƙera don ya mutu a madadin mota. Idan ya ƙone, sanarwa ce yake yi cewa akwai matsala a wani wuri. Abin takaici, maimakon a nemi matsalar, sai mai gyaran waya ya murɗa zaren tagulla ya cusa a gurbinsa, ko ya sa wanda ya ninka shi ƙarfi, maigida kuma ya yaba masa da iya aiki. Daga ranar, wayar ce za ta riƙa ɗaukar zafin har robarta ta narke. Haka nan batirin da ba a ɗaure ba, wanda ke tsalle a kan hanya mai gargada, kansa na iya taɓa ƙarfe a kowane lokaci. Irin wannan gobara ba ta buƙatar mota tana tafiya. Tsakanin 1999 da 2009 Ford ya yi kiranyen motoci sama da miliyan 10 saboda wani ɗan makunni da wuta ba ta yankewa a jikinsa ko an zare mabuɗi, wanda ya sa motoci suka riƙa kamawa a ajiye a gida.

Wannan ya kawo mu ga sanadi na huɗu, wato kuskuren ƙira daga kamfani, kuma a nan ne nake so mai karatu ya lura da yadda masu motoci suka tunkari lamarin a can. Tsofaffin Jeep Grand Cherokee da Liberty an ɗora tankin mansu ne a bayan ƙafafun baya, inda duk motar da ta buge su ta baya za ta iya fasa shi. Ƙorafe-ƙorafen jama'a da matsin lambar masu kare haƙƙin masu saye suka sa hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta buɗe bincike a 2010. A watan Yunin 2013 ta nemi a yi kiranyen motoci miliyan 2.7. Kamfanin ya fara turjewa, daga baya ya amince da miliyan 1.56, wato Grand Cherokee ƙirar 1993 zuwa 1998 da Liberty ƙirar 2002 zuwa 2007. A 2015 wata kotu a jihar Jojiya ta yanke diyyar dala miliyan 150 ga iyayen wani yaro ɗan shekara huɗu da ya rasu a irin wannan gobara, kafin alƙali ya rage ta zuwa miliyan 40. Haka kamfanin Polaris, mai ƙera ƙananan motocin wasa a daji, ya yi kiranyen RZR dubu 133 a 2016 bayan rahotannin gobara fiye da 160, sannan a 2018 aka ci shi tarar dala miliyan 27.25 saboda jinkirin sanar da hukuma abin da ya sani. Ko sababbin motoci masu haɗa fetur da lantarki ba su tsira ba, domin a 2023 da 2024 an umarci masu Wrangler 4xe da su daina cajin batir, su kuma ajiye motocin a waje nesa da gini har sai an gyara.

Ban kawo waɗannan misalai don in ce Bature ya fi mu hankali ba, domin kamfanonin nasu ma sai da aka matsa musu. Abin lura shi ne sau da yawa kiranye daga mai mota guda yake farowa, wanda ya ƙi yarda cewa "haka kawai ta kama", ya ɗauki hoto, ya rubuta ƙorafi, har ƙorafinsa ya haɗu da na wasu ɗari aka ga zaren da ya ɗinke su. Lamarin kuma ya shafe mu kai tsaye, tunda jif da yawa da ke kan titunan Kano da Kaduna da Abuja tsofaffi ne da aka shigo da su daga Amurka ta Legas ko Kwatano. Motar takan ƙetaro teku da aibinta, amma wasiƙar kiranye ba ta biyo ta.

Mu kuwa yaya muke yi? Wani ya ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, ya rufe maganar. Wani ya ɗora wa mahassada, musamman idan motar sabuwar saye ce. Wani ya huce a kan direba, ya kore shi ba tare da ya tambaye shi ko ya taɓa jin warin mai ba, alhali wataƙila direban ya sha faɗa ana ce masa ya cika ƙorafi. Kafin mako ya zagayo an sayar da gawar motar ga 'yan gwangwan, shaidar da za ta nuna inda wutar ta faro ta tafi kenan. Daga nan sai a tuna da inshora, a tarar takardar da ke cikin mota ta dole ce kawai, wadda kuɗinta ya tashi daga naira dubu 5 zuwa dubu 15 a farkon 2023, kuma ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan motarka da ta ƙone. Haƙuri da abin da ya riga ya faru halin kirki ne, ba na jayayya da shi. Amma haƙuri bai hana tambaya ba, kuma mutumin da ke neman ba'asin kowace naira a ofis bai kamata ya bar dukiyar miliyoyi ta zama toka bai nemi dalili ba.

Abin da ya kamata mai jif ya yi ba shi da tsada. Galibin motoci suna da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma tun 2014 hukumar nan ta Amurka ta buɗe shafi a intanet inda ake sa lambar kyauta a ga ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Duk wanda motarsa daga can ta fito, aikin minti biyar ne. Bayan kowace shiga daji a leƙa ƙarƙashin mota a zare ciyawa idan salansa ta huce, kada kuma a tsaya a kan busasshiyar ciyawa. Warin fetur, ko warin roba mai ƙuna, ko fis da ke yawan mutuwa, dalili ne na ajiye mota a ranar. Tukunyar kashe gobara da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya a hanya ba don su aka yi ta ba. A sayi mai hoda wadda girmanta ya dace da motar, a duba allurarta, a ɗaure ta inda hannu zai kai, a kuma koya wa direba yadda ake zare kunnenta. Idan wuta ta tashi, a tsaya, a kashe injin, a fitar da kowa a matsa kamar mita 30. Kada a wage bonet, domin iskar da za ta shiga ita wutar ke jira, kada kuma a watsa wa fetur ruwa, yaɗa shi zai yi. Idan ta fi ƙarfin tukunya, a bar ta a kira 'yan kwana-kwana. Mota ana sayen wata.

Hukumomi ma da nasu rabon. Ina kira ga hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da hukumomin kashe gobara na jihohi da su riƙa rubuta irin motar da ta ƙone, da shekarar ƙirarta, da inda wutar ta faro, su kuma riƙa bayyana wa jama'a abin da suka tattara. Hukumar kwastan na iya sa binciken kiranye cikin sharuɗɗan fitar da mota daga tashar jiragen ruwa, tunda lambar shasi tana hannunta. Ƙungiyoyin makanikai kuma su tsawata wa 'ya'yansu kan cusa waya a gurbin fis, kamar yadda suke tsawatawa kan satar kayan mota. Ma'aikatu da ƙungiyoyin da ke da jerin jif a harabarsu su ne ya fi sauƙi su fara, domin suna da jami'an sufuri da littattafan gyara.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To amma sai ka san abin da ya kunna nasa kafin ka san inda za ka shafa. Duk wanda motarsa ta ƙone ya tsira da ransa, bashi ne a kansa ya binciko sanadin ya faɗa wa 'yan'uwa, domin jif ɗin da za ta kama nan gaba tana iya kasancewa da yara a kujerar baya.