AWARWARON HANA DANNA WAYA: AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Kamfanonin Amurka da Turai sun shafe shekaru suna cusa wa matasan duniya babbar waya har ta zame masu jaraba, yanzu kuma ga su sun dawo da tallan magani. Maganin da suka zo da shi na'urori ne da ake ɗaurawa a jiki, wai don su taimaka wa ɗalibi ya rage danne-danne. Akwai wani awarwaro mai suna Pavlok da wani Ba'amurke, Maneesh Sethi, ya fito da shi, wanda kan yi wa mai shi tsawa ko girgiza, in ta kama ma ya ja shi da lantarki idan ya koma wa ɗabi'ar da ya yi alkawarin bari. Akwai jakar Yondr da aka fara yi a San Faransisko a 2014, wadda ɗalibi ke jefa wayarsa ciki a kulle da maganaɗisu, ba ta buɗuwa sai an tashi makaranta. A ƙasar Sin har an taɓa ɗaura wa 'yan firamare wani kambu a goshi a birnin Jinhua, mai fitila da ke sauya launi don malami ya gane wanda hankalinsa ya tafi wani wuri. Sai da jama'a suka yi ca a 2019 sannan aka dakatar da shi.

Ba wanda zai ce cutar ƙarya ce. Duk wanda ya ratsa ɗakunan kwanan ɗalibai a Kaura Namoda bayan sha biyun dare, ko ya tsaya a majalisar samari a Shinkafi ko Zurmi, ya san abin da ake magana a kai. Mutum biyar a tabarma ɗaya, ba mai ce wa wani uffan, kowa fuskarsa na haskawa. Yaro zai ɗauki waya da niyyar duba wata kalma da ta shige masa duhu a darasi, bai farga ba sai ya ji kiran assalatu. A 2024 abin ya kai intaha lokacin da guguwar mayinin ta taso, samari suka kwana suka wuni suna dannan Hamster Kombat da fatan wayewar gari da miliyoyi. Da ranar biya ta zo a watan Satumba na shekarar, da yawansu abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba, balle watannin karatu da suka salwanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

To amma a ina cutar ta samo asali? Ba a wuyan hannun ɗalibi take ba. Da gangan aka gina waɗannan manhajoji don kada mutum ya iya ajiyewa, domin kowane minti da ya ƙara a kansu talla ne, talla kuwa kuɗi ne. Su kansu maƙeran sun faɗa da bakinsu. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya bayyana a 2017 cewa sun san suna amfani da wani rauni ne da ke cikin ɗabi'ar ɗan Adam, kuma suka ci gaba. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa komai jan da aka yi masa, daga baya ya fito yana nadama. Dubban injiniyoyi ne ake biya albashi mai tsoka don su riƙe idon yaro a kan gilashi, sai kuma a ce wani ɗan roba a hannu ne zai yi kokawa da su. Wannan shi ne a bar jaki a koma dukan taiki.

Abin dariya ma, mafi yawan waɗannan na'urori ba sa aiki sai an haɗa su da wayar, an sauke manhajarsu, an buɗe masu rajista. Ke nan mai neman tsira daga waya sai ya ƙara shiga waya. Sannan lokacin barcinsa, da motsinsa, da abin da yake buɗewa, duk suna tafiya rumbun wani kamfani da bai san inda yake ba. A 1929 Turawan mulkin mallaka suka kawo layin dogo Kaura Namoda, ba don kakannin yaran nan su je yawon buɗe ido ba, sai don a kwashi gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. Yau babu buƙatar tarago, lokacin matashi da sirrinsa ake kwasa ta iska. Kuɗin awarwaron Pavlok kuwa ya haura dala 100, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Uban da ya kasa noma gonarsa a Zurmi saboda tsoron daji, da wane kuɗi zai saya?

Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Masu cewa a raba ɗalibai da waya gaba ɗaya kan kafa hujja da Faransa, wadda ta hana waya a makarantun yara 'yan ƙasa da shekara 15 tun 2018, da kuma rahoton hukumar UNESCO na 2023 da ya ba da shawarar taƙaita ta a aji. Dalili ne mai kyau a can. Sai dai mutanen arewacin Zamfara sun riga sun ɗanɗana rayuwa babu waya, kuma ba a littafi suka karanta ba. A farkon Satumba 2021, bisa roƙon gwamnan lokacin, Bello Matawalle, hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanoni su kashe layukansu a duk faɗin jihar. An ce mako biyu ne. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, amma sauran sassan jihar sai wajen ƙarshen Nuwamba aka sanar da ɗage dokar.

Me ya biyo baya? Ɗalibai ba su koma kan littattafai ba, domin a ranar 1 ga Satumba ɗin nan aka rufe makarantun jihar bayan sace ɗalibai 73 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. An rufe kasuwannin mako-mako, ciki har da ta Shinkafi da ke ci ranar Alhamis. Masu sana'ar cirar kuɗi da masu cajin waya suka zauna hannu rabbana. Wanda ke son jin muryar ɗan uwansa sai ya biya kuɗin mota zuwa wata jiha, a kan hanyar da ita kanta abin tsoro ce. Ƙauyen da aka faɗa wa da dare ba shi da yadda zai sanar da maƙwabta. Su kuwa mutanen dajin da aka ce dominsu aka yi dokar, ba su watse ba. Sunan Bello Turji ya ci gaba da tayar da hankalin Shinkafi da Zurmi bayan an dawo da layukan kamar yadda yake yi kafin a kashe su.

Saboda haka waya a wannan yanki ba abin wasa kaɗai ba ce. Da ita uwa ke sanin ɗanta ya sauka Kaura lafiya. Da ita direba ke jin cewa kada ya bi hanya yanzu, an tare. Da ita ake turo wa ɗalibi kuɗin abinci, da ita yake duba sakamakon JAMB. Jakar da za ta kulle wayar yaro daga safe zuwa azahar ta dace da makarantar Kalifoniya, amma duk shugaban makarantar da zai kwaikwayi wannan a Zurmi sai ya fara amsa tambaya ɗaya: idan aka ji ƙarar babura daga nesa, wa ke riƙe da mabuɗin?

Wannan shi ne aikin da ke gaban matasan da suka karanci fasaha, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa tun 1983. Kowace shekara ɗaliban lantarki da na kwamfuta kan haɗa aikin kammalawa, da yawa kuma kan ƙare a kan kanta yana shan ƙura. In dai za a ƙera abin ɗaurawa a hannu, to a ƙera na nan gida. Ya bar kira da saƙon gaggawa su shigo, ya yi shiru da sauran tarkace. Ya yi aiki ko babu data, ya jure kwanaki babu caji tunda an san halin wutar lantarki, kada ya aika bayanin mai shi ko'ina, kuma kuɗinsa kada ya fi ƙarfin mai tura kura. Wanda ya iya haɗa wannan ya warware abin da injiniyan Amurka bai taɓa tunaninsa ba, don bai taɓa kwana da kunne ɗaya a buɗe ba.

Kafin a kai can, akwai abin da ba ya buƙatar jiran kowa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Texas a 2017 ya nuna cewa kasancewar waya a kan tebur kawai, ko da an kife ta an kashe mata murya, na rage wa ɗalibi natsuwa, kuma waɗanda suka bar tasu a wani ɗaki sun fi yin ƙoƙari. Agogon hannu na talaka, wanda ba ya komai sai nuna lokaci, ya toshe ƙofar nan ta "bari in duba ƙarfe nawa". 'Yar ƙaramar waya mai tocila tana karɓar kiran gida, tana kwana uku ba caji, kuma babu TikTok a cikinta. Tun 2018 kamfanonin Apple da Google suka sanya ma'aunin lokaci a cikin wayoyinsu, kyauta, sai dai ba kasafai ake buɗe shi ba, ƙila don tsoron abin da za a gani. Abokan karatu da ke zaman bita da dare suna iya tara manyan wayoyinsu a hannun mutum ɗaya har a tashi, a bar ƙarama guda a kunne a tsakiyar tabarma, iyaye duka su san lambarta.